Gyaɗar da Gwaggo Ba Ta Kai Inji Ba

Ina tsakiyar wanki da hantsi saƙon ya iske ni a Karaye. Direban a-kori-kurar da ke jigilar 'yan kasuwa zuwa Rogo ne ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce a gaya mini Gwaggo, tsohuwar Ruwan Bago, ta cika da asuba. Na yi salati, na bar kayan a baho da kumfarsu, na ɗauki mayafi. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Gwaggo yayar mahaifina ce, ciki ɗaya, kuma ba don ita ba da ban san inda nake a yau ba. Ko da muka isa an riga an kai ta makwancinta.

Ban taɓa ganin gidan ya cika haka ba. Maza suna waje ƙarƙashin darbejiya, Baba a tsakiyarsu yana amsa gaisuwa, ya tsufa a wuni guda. Mata suna ciki har bakin rumbu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan baƙin fuska. Gwaggo ba matar sarauta ba ce, ba ta da dukiya, mijinta manomi ne da ya daɗe da rasuwa. Amma ga wata tsohuwa ta tako da ƙafa tun daga Gwangwan, ta zauna tana share ido da gefen zani tana cewa, "Yanzu wa zai zage ni in ji sanyi a raina?" Ga matar wani mahauci ta ce mijinta yau ko wuƙa bai ɗauka ba. "Shekarar da gobara ta cinye masa rumfa ya daina fita, ya daina magana. A zauren gidan nan ya yi ta ɓare mata gyaɗa har ya dawo mutum."

"Ashe shi ma?" in ji wata daga lungu. Ta ce ita ma ta ɓare, bayan aurenta ya mutu. Kafin la'asar mun gano cewa mata da yawa cikin na zaunen nan sun taɓa ɓare wa Gwaggo gyaɗa, kuma kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce. Aka yi ta dariya ana hawaye, har wata dattijuwa ta tsawatar, ta ce mu tuna gidan makoki muke.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariyar ba, ba ta kuma yi kukan ba, ita ce Yaya, 'yar farin Gwaggo. A wurinmu uwa ba ta riƙon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna sonsa a gaban mutane. Tun da aka yaye Yaya aka kawo ta Karaye wurin kakarmu. A gidanmu ta girma, ita ta goya ni, kuma ba ta taɓa ce wa mahaifiyarta Inna ba, Gwaggo take ce mata yadda muke cewa. Ita ta yi jinyar tsohuwar har ƙarshe. A ranar nan tana ta kai da kawo, ta shimfiɗa wa wannan tabarma, ta kai wa waccan ruwa, idonta a bushe ƙamas. Mata suna ta yaba mata. "Kun ga dauriya." "Haka ake so, 'yar fari da kunya." Da na ji haka gabana ya faɗi, domin an taɓa yi mini irin wannan yabo, na kuma san inda ya kai ni. Na sa mata ido har magariba, ban ga ko ruwa ya shiga bakinta ba.

Bari in faɗi wace ce Gwaggo, kada a ɗauka labarin wata waliyyiya nake bayarwa. Gajeruwa ce, mai kaurin murya, bakinta kullum ja da goro, kuma in ta wanke mutum ba ya bukatar ɗauraya. Tana da rowar tabarma. In ka ari tsintsiyarta ba ka dawo da ita ba, har jikokinka za su ji labari. Ni Uwata take ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, amma wannan bai hana ta dungure mini kai ba.

Tana da dokokin da ta kafa wa kanta, ba wanda ya isa ya karya su. In ta sallaci azahar sai ta ja asabari ta kwanta, ta ce ko gobara ce a kira maƙwabta tukuna. In ta tashi ta yi wanka, ta shafa mai, ta sa kwalli, ko da daga gona ta dawo, ko da babu inda za ta. Ba ta rabuwa da lalle. Matan gari suna gulmarta, wai tsohuwa ba miji wa take yi wa kwalliya. Da maganar ta dawo kunnenta ta ce, "Wa kaina. Ni nake kwana da ni, ni nake tashi da ni, in ban kula da ni ba wa zan jira?" Kuma ba ta cin abinci a tsaye, ba ta yarda kowa ya ci a tsaye a gidanta.

Gaisuwarta ma daban ce. Za ku yi ta gaisawa yadda aka saba, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya zafi, kana ta amsa lafiya lau. In an gama sai ta tauna goronta ta ce, "To, wannan lafiya lau ɗin ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu ba ni ta gaskiya. Kina barci? Kina cin abinci?" Na ga manyan mata sun sha kunu da wannan tambayar, na kuma ga waɗanda suka fashe da kuka nan take.

Sai maganar gyaɗa. Kowane manomi ya san gyaɗar iri da hannu ake ɓare ta in damina ta gabato, saboda inji yana fasa ƙwaya. Gonar Gwaggo ƙarama ce, irin da take bukata bai taka kara ya karya ba. Amma ita duk gyaɗarta, ta iri da ta mai da ta ƙuli-ƙuli, sai ta ajiye ta da ɓawonta a rumbu. Da injin ɓara ya zo Rogo, 'ya'yanta maza sun yi sun yi ta bari su kai, ta ƙi. Ta ce inji ɓarna yake yi. Gaskiya ne, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. In ta ga mutum ransa ya yi nauyi, ba ta ce masa me ya same ka. Cewa take, "Zo ka taya ni ɓarar gyaɗa, hannuna ya gaji." Sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaron tsakar gida, in namiji ne a zaure, ta ajiye faifai biyu da ƙwarya a tsakani. Ba ta zama tana fuskantar mutum, a gefensa take zama, idonta a kan faifai. Ta taɓa ce mini wanda ake kallon fuskarsa ba ya iya faɗin abin da ke cinsa.

Ni a farkon shekarun tamanin na zauna a kan wannan tabarma.

An yi mini aure a Daura, Daurarmu ta nan Karaye, maigidana magatakarda ne a ofishin hakimi. Allah ya ba mu ɗa namiji. Da yake a gida ɗaya muke da surukata, ita ce mai riƙonsa a idon jama'a, ni kuwa sai in an shiga ɗaki nake ɗaukarsa in yi masa wasa. A tsakar gida yaron nan nake ce masa. In ya faɗi ba na tashi sai wata ta ɗaga shi. Haka na ga ana yi, haka na yi, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba, don ina ganin gaba tana da tsawo. Ya fara magana ke nan ƙyanda ta shigo gari da bazara. Ta ɗauki yara da dama, ta ɗauke shi.

Ban yi kuka ba. Da aka fito da shi na sunkuyar da kai, na ci gaba da amsa gaisuwa. Surukata ta yi alfahari da ni, ta ce wa baƙi, "Yarinyar nan an yi mata tarbiyya, ko ƙwalla ba ta yi ba." Ni ma na ji daɗin yabon, don shi kaɗai ya rage mini. Sai na riƙe shi da hannu biyu. Aka yi sadaka, baƙi suka watse, kowa ya koma harkarsa, ni kuma na tsaya a inda nake. Abinci ya daina shiga. Barci ya ƙaurace. Sai in ɗora tukunya in zauna ina kallonta har ta ƙone. Kitsona ya tsufa a kaina, wanka sai an tuna mini. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, kamar an kwashe kayan ɗaki an bar bango. Wata rana aka iske ni zaune a bakin rijiya da guga a hannu, ban san tun yaushe nake wurin ba.

Daga nan aka ce iska ce. Aka mayar da ni gidan Baba don a yi magani. Na sha rubutu, an yi mini tofi, an yi mini hayaƙi har idona ya yi ja. Baba mutum ne mai son 'ya'yansa, kuma tsoro ne ya cika shi. Wani ya ba shi labarin wani mai magani da ke ajiye masu taɓin hankali a gidansa, yana sa musu mari a ƙafa don kada su gudu. Baba ya yanke shawarar kai ni. Ina jin ana maganar a gabana, ko a jikina.

Ana jajiberin tafiyar Gwaggo ta diro daga Ruwan Bago, da ƙunshin kayanta a ka. Yaya ce ta aika mata, don lokacin tana aure a cikin garin Karaye kuma kullum sai ta leƙo ni. Gwaggo ta dube ni sau ɗaya, ta wuce turakar Baba. Ta kira shi da sunan da babu wanda ya isa ya kira shi da shi a gidan nan. Muryarta ba ta san sirri ba, don haka duk gida ya ji.

"Ina za ka kai ta?"

"Wurin magani, Gwaggon yara. Kin ga yadda ta koma. Ina tsoron wata rana a tsamo ta a rijiya."

"Tun da yaron ya rasu, wa ya ga hawayenta?"

"Ai ta yi haƙuri. Kowa ya yaba mata."

"Kun yaba. To ga abin da kuka yaba can a zaune, ko ƙuda ba ta iya korewa. Yarinya ta haɗiye ɗanta da ransa ba ta kira shi ba, ya mutu kun sa ta sake haɗiye shi, sannan ku ce aljani ne. Wane aljani? Ku ne."

Baba ya fusata. Ya ce ba shi ya ƙirƙiro kunya ba, haka iyaye da kakanni suka yi kuma ba su haukace ba. Ta ce ya je ya tono su ya tambaye su. Sai ya jefa mata maganar da na san ya yi nadamarta daga baya.

"Ke da kike faɗa, kin taɓa kiran sunan taki?"

Yaya tana durƙushe a gefena da kwanon kunu, na ga hannunta ya tsaya. Can Gwaggo ta ce, muryarta ta sauka, "Ban taɓa ba. Amma tawa tana da rai, ina da sauran lokaci. Ita nata ya ƙare. Ka ba ni ita zuwa saukar damina. In ba ta samu sauƙi ba ni da kaina zan kai ta asibiti a Kano. Mari kuwa, sai dai ka fara sa mini." Baba bai hana ba. Washegari muka hau mota, ko sallama ba su yi da juna ba. Amma bayan 'yan kwanaki ya aiko da buhun gero.

Abin da ta fara yi mini a Ruwan Bago wanka ne. Ta dafa ruwa, ta cuɗe ni da soso kamar jaririya, tana mita wai dattina zai iya taki gona. Ta kira maƙwabciyarta ta tsefe mini kai ta yi mini kitso. Ta dama kunun gyaɗa ta tsaya a kaina. "Ba na ce ki ƙoshi ba, Uwata. Ludayi kaɗan, don cikin ya san ba a manta da shi ba." Da hantsi kuma ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye mini faifai a cinya.

Mun daɗe muna ɓarar nan ban ce uffan ba. Ita ke ta surutu. Ta ba ni labarin akuyarta mai satar dusa, da maƙwabciyar da ta ari turmi ta dawo da shi a tsage, da yadda Baba yake tsoron kwaɗo yana yaro. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, kalmar da na ji har kunnena ya gaji da ita. Babban yatsana ya yi kanta. Na fara lura da ƙarar ɓawo in ya fashe, da ƙamshin ƙasa da ke jikinsa, da yadda ƙwaryar take cika a hankali. In azahar ta yi sai ta kore ni ɗaki, ta ce ko barci bai zo ba in kwanta, jiki ya san an ba shi haƙƙinsa. Wata rana barcin ya zo.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Zafi ake yi, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa. Muna ɓara sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da kaka da kuka zo nan, mutumin naki ya kifar mini da faifai a daidai wurin nan. Na ɗaga hannu zan make shi, ya dube ni ya ce Gogo. Sai hannun ya mutu." Ta fasa wata gyaɗar. "Wa ma sunansa? Tsufa ya sa na manta."

Na san ba ta manta ba, ita ta dafa abincin sunan. Na ce, "Gwaggo, kin sani."

"Na sani. A bakinki nake so in ji. Babu kowa a gidan nan sai ni da akuya, akuyar kuma ba ta kai gulma."

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Na sake gwadawa. Da ya fito sai na ji shi baƙo a harshena, sunan ɗan da na haifa, na shayar, na yaye, ban taɓa furta shi da ƙarfi ba. Na sake faɗa. Daga nan ban san abin da ya biyo baya ba, sai dai na ji kuka yana fita daga cikina irin wanda ban san ina da shi ba. Gwaggo ba ta rungume ni ba, ba ta rarrashe ni ba. Ta sa hannu ta janye faifan daga cinyata, ta ce, "Yi abinki, amma kada ki jiƙa mini iri." Ta ci gaba da ɓararta, kafaɗarta tana jingine da tawa.

Da na lafa na tambaye ta ko na yi saɓo. Ta ce kururuwa da yaga tufafi da faɗin maganar banza aka hana. "Ruwan ido kuwa Allah ne ya sa shi a kai, kuma bai sa shi don ado ba."

Ba zan ce na warke a ranar ba. Akwai ranakun da na koma gidan jiya, na ƙi kunu, na ƙi magana, ita kuma ba ta firgita. Sai ta ce yau ranar nauyi ce, gobe ma rana ce da Allah zai kawo, ta miƙo faifai. Kullum sai ta sa na ba ta labarinsa ɗaya, abin da yake so, abin da yake tsoro, yadda yake kiran kaza. Da ruwan shuka ya sauka, tare muka je gona muka shuka irin da muka ɓare. Bayan nan Baba ya zo a kan babur ɗinsa, ya iske mu muna musu a kan gishirin miya, ina ce mata hannunta ya yi nauyi tana ce mini harshena ne ya lalace. Ya tsaya a bakin zaure yana kallona, ya kasa ƙarasowa. Gwaggo ta leƙa ta gan shi. Ba ta yi masa gori ba. Ta ɗebo ragowar gyaɗa a faifai ta kai masa zaure, ta ce tunda ya zo ba zai zauna hannu banza ba. Sun daɗe a can, kuma da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce ƙurar ɓawo ce.

Kada wani ya ɗauka Gwaggo ta mayar da gyaɗa maganin komai. An taɓa kawo mata wani ɗan dangin mijinta da yake jin muryoyi, yana cewa ana binsa. Ta zauna da shi wuni ɗaya ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin gyaɗa." Ta ɗaura ɗamara ta raka su asibiti a Kano, tsohuwar da mota ke sa ta amai. Da suka dawo ita ke tsare shi ya sha ƙwayoyinsa, kuma duk wanda ya ce masa mahaukaci a gabanta sai ya gwammace bai fito daga gida ba ranar.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne nata. Shekaru suka wuce, na koma ɗakina, na haifi wasu, ina kiran kowa da sunansa har surukata ta gaji da harara ta bari. Duk zuwan da zan yi Ruwan Bago, Gwaggo za ta zaɓi man gyaɗa mafi kyau da ƙuli-ƙuli mafi laushi ta ƙulle, ta ce, "Ki kai wa waccan." In Yaya ta zo gaishe ta kuwa, sai ta ɗaure fuska ta amsa a taƙaice, ta tashi ta shiga wani aikin. Yaya takan ce, tana dariya, "Gwaggo uwar kowa ce ban da ni." Na san wannan dariyar ba ta kai ciki ba.

Na taɓa tsokanarta. Na ce, "Gwaggo, lokacin nan da kika ce wa Baba kina da saura, har yanzu bai zo ba?"

Ta yi tsaki, ta jefe ni da ɓawo. Can ta ce, "Bakin ne ya ƙi, Uwata. In ba kowa nakan gwada, na faɗa wa akuya ya fi a ƙirga. Da na ga fuskarta sai harshen ya naɗe. Abin da na raba ki da shi, ni yana wuyana."

Wannan ce matar da muka rasa a bazarar bana. Bayan sadakar uku baƙi suka ragu, na aika wa maigidana cewa zan ƙara kwana. Yaya tana nan yadda take. Tana share inda ta riga ta share, tana wanke kwanon da ba a ci abinci a ciki ba. In an miƙa mata tuwo ta ce ta ci. Fuskarta ta faɗa, kuma har yanzu masu zuwa gaisuwa suna ce mata Allah ya ƙara haƙuri, ta burge su. Na tuna bakin rijiya, tsoro ya kama ni.

Da la'asar ta yi gidan ya yi shiru, na leƙa rumbu. Gyaɗar kakar da ta wuce tana nan da ɓawonta, ba a taɓa ta ba. Na ɗebo, na ɗauko tabarmar da take wa rowa, na shimfiɗa a gindin mangwaro, na ajiye faifai biyu da ƙwarya.

"Yaya, zo ki taya ni. Damina ta kusa, irin bai ɓaru ba."

Ta dube ni da tsintsiya a hannu. "Ni za ki yi wa dabarar Gwaggo? Ni da na goya ki?"

"Ni dai iri nake ɓarewa."

Ta tsaya kamar za ta wuce, sai ta jingine tsintsiyar ta zo ta zauna a gefena. Muka yi ta ɓara. Na ba ta labarin akuyar nan mai satar dusa, wadda jikokinta ne yanzu a turke, da labarin Baba da kwaɗo. Ba ta yi dariya ba. Ƙwaryar ta kusa rabi sannan ta yi magana.

"Kin san ban taɓa zama a kan tabarmar nan ba? Duk garin nan sun zauna."

Na ce na sani. Ban ɗago ba.

"Ana gobe za ta rasu, da yamma, na shiga da kunu. Ɗakin cike da mata 'yan dubiya. Ta buɗe ido ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, kowa ya ji."

Yatsuna suka tsaya, na tilasta musu suka ci gaba. Na ce, "Me kika ce mata?"

"Na ajiye kwanon na fita. Kunya ta kama ni, ga mutane suna kallo. Na ce in sun watse zan dawo. Da na dawo ta yi barci, daga nan ba ta ƙara magana ba." Ta juya gyaɗa ɗaya a tafin hannunta. "Tun ina yarinya nake jiran kiran nan. Ta kira ni, ban amsa ba."

Kalmar haƙuri ta zo bakina, na haɗiye ta. Na fasa gyaɗa, na jefa a ƙwarya, na sake fasa wata. Sannan na ce, "Da kin tsaya, me za ki ce?"

Ta waiwaya ta dubi ƙofar zaure.

"Babu kowa a nan, Yaya, sai ni da awaki."

A hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci, ta ce, "Na'am." Ta sake cewa, "Na'am, Inna." Sai kukan ya zo, kukan babbar mace mai jikoki, ta kifa kanta a gwiwa kafaɗunta suna rawa. Na sa hannu na janye faifan daga cinyarta don kada irin ya jiƙe, na matsa na jingina kafaɗata da tata, na ci gaba da ɓara, nawa hawayen yana ɗiga a hannuna. Da aka kira magariba ta share fuska, ta tambaye ni ko akwai sauran kunu.

Mun shuka gyaɗar a gonar Gwaggo da ruwan farko, ni da Yaya, kuma ta fito da kyau. Faifan guda yana wurinta, guda yana wurina.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshenta, ya yalwata mata makwanci yadda ta yalwata wa ƙirazan mutane, ya ba ta hutun da ya fi na bayan azahar. Ya Allah, ka isar mata cewa 'yarta ta amsa.